Kudancin Zazzau a Matsayin Bakin Iyaka: Manoma da 'Yan Zango da Makiyaya da Makarantun Mishan

1.0 Gabatarwa

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu duba kudancin ƙasar Zazzau a matsayin bakin iyaka, watau wurin da al'ummu masu tsarin zama daban-daban suka haɗu suka cuɗanya. Za mu bi sawun rukuni huɗu: ƙabilun da ke zaune a wurin tun da daɗewa, da Hausawa 'yan zango, da Fulani makiyaya, da kuma 'yan mishan. Abin da muke son tabbatarwa shi ne, Turawa sun tarar da iyaka mai motsi, suka daskarar da ita, kuma daskarewar nan ita ce tushen yawancin rigingimun da suka biyo baya.

2.0 Kafin Zuwan Turawa

Bayan da Malam Musa ya ci Zariya a farkon ƙarni na 19, Sarki Makau ya yi kudu zuwa Zuba, daga baya kuma ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa Abuja a 1828. Ƙasashe irin su Jama'a da Keffi da Kauru da Kajuru da Lere sun riƙa kai gaisuwa Zariya, kamar yadda M. G. Smith ya bayyana a littafinsa na 1960 a kan mulkin Zazzau. A tsakaninsu kuwa akwai Bajju da Atyap da Ham da Adara da Agworok, waɗanda Hausawa ke kira Kaje da Katab da Jaba da Kadara da Kagoro. Wasunsu sun ɗauki amana suna biyan haraji, wasu an riƙa kai musu harin bayi, wasu kuma, irin su mutanen Kagoro, duwatsu sun kāre su. Zangon Katab kuwa masaukin fatake ne da ya zama gari. Ke nan ciniki da yaƙi da amana duk tare suka tafi, kuma ikon Zariya yakan faɗaɗa ko ya tsuke gwargwadon ƙarfin sarki.

3.0 Mulkin Turawa da Batun Ƙasa

Turawa sun shiga Zariya a 1902. A Amurka baƙi fararen fata sun kwashe filayen 'yan asalin ƙasa suka mai da su gonaki da wuraren kiwo, har dokar Dawes ta 1887 ta yanyanka filayen ƙabilu. A nan ba haka aka yi ba, domin dokar ƙasa ta 1910 ta danƙa filayen Arewa a hannun Gwamna, ba a kuwa kafa Turawa manoma ba. Sai dai an yanka gundumomi, aka tura hakimai daga Zariya su zauna cikin jama'ar da a da ba ta ganin wakilin sarki sai lokacin karɓar gaisuwa. Kagoro da Jaba da Marwa su ne aka bari da sarakunansu. Wannan rarrabewa har cikin Zariya ta shigo: birni na Zage-zagi, Tudun Wada na baƙi 'yan Arewa, Sabon Gari na mutanen Kudu.

4.0 Makiyaya

Da yaƙe-yaƙe suka kwanta, Fulani suka ƙara gangarowa kudu da shanunsu. Manomi yakan bar Bafulatani ya sauka a gonarsa da rani domin taki, a musanya nono da hatsi. Amma jangali baitulmalin En'e yake shiga, shi kuwa makiyayi bai mallaki filin da yake kiwo ba. An buɗe gonar binciken dabbobi ta Shika a 1928, aka yi dokar keɓe makiyaya a 1965, daga baya aka keɓe makiyayar Kachiya. Duk da haka yawancin shanu sun ci gaba da zama a kan yardar mai gona, yarda kuwa takan janye idan fili ya yi ƙaranci.

5.0 Makarantun Mishan

Gwamnati ta taƙaita aikin mishan a garuruwan Musulmi, ta sakar musu mara a sauran wurare. Dokta Walter Miller na C.M.S. ya zauna cikin birnin Zariya daga 1905, sa'an nan aka mai da mishan ɗin Wusasa a 1929. Daga cikin waɗanda suka tashi a can akwai Dokta R. A. B. Dikko da Farfesa Ishaya Audu da Janar Yakubu Gowon. Su kuma 'yan S.I.M. sun sauka Kwoi a 1910, daga baya suka kafa tasha a Kagoro. Abin lura shi ne, da Hausa aka yi yawancin koyarwar, musamman bayan fitowar Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932. Ashe harshen hakimi shi ne ya haɗa kan ƙabilun da ke ƙorafi a kansa. Waɗanda suka fito daga makarantun nan su ne suka zama malamai da ma'aikata, su ne kuma suka ja gaba wajen neman sarautun kansu.

6.0 Kammalawa

Rikicin Kafanchan na 1987 da na Zangon Katab na 1992, wanda ya taso daga batun mai da kasuwa, sun nuna cewa tambayar da aka bari tun zamanin gundumomi ba a amsa ta ba: wa ke da ƙasa, wa kuma ke da iko a kanta? Kafa sarautun Atyap da Bajju a 1995 ya amsa rabin tambayar, watau batun iko. Rabin da ya shafi ɗan zangon da kakanninsa suka yi ƙarnuka a wurin, da makiyayin da aka haifa a ruga, yana nan. Saboda haka muna kira ga masu nazari da su haɗa takardun gidan adana tarihi na Kaduna da littattafan mishan da tarihin baka na kowane ɓangare, domin wanda ya ji daga baki ɗaya bai gama jin shari'a ba.