Tarihin Batirin Haidurojin da Hannun Matasa a Cikinsa

Batirin haidurojin na'ura ce da ke haɗa iskar haidurojin da iskar oksijin ta ba da wutar lantarki. Ba ta hayaƙi, abin da ke tsiyayowa daga cikinta ruwa ne da ɗan zafi, kuma ba ta mutuwa muddin ana ɗura mata iskar. Haidurojin ɗin kuwa yawanci tace shi ake yi daga iskar gas, ko a raba shi da ruwa da ƙarfin lantarki. Ke nan rumbun makamashi ne, sai an zuba masa kafin a ɗiba.

Henry Cavendish ya tantance wannan iska a Ingila a 1766, a 1800 kuma William Nicholson da Anthony Carlisle suka raba ruwa gida biyu da lantarki. Wanda ya juya lissafin shi ne William Grove, lauya ɗan shekara 27 daga yankin Wales. A 1839 ya nuna cewa in lantarki na raba ruwa, to haɗa iskokin biyu zai mayar da lantarkin. Na'urarsa ta yi aiki, amma wutar kaɗan ce, ƙarfen filatinam da take buƙata kuma tsada gare shi, sai aka jingine ta kusan shekara ɗari.

Francis Bacon, injiniya Bature da bai kai talatin ba, ya ɗauko aikin a 1932. Ya sauya filatinam da ƙarfen nikel mai araha, ya shafe shekara 27 yana fama, sai a 1959 ya nuna na'ura mai ƙarfin 'yan kilowat. Irin nasa batirin ne ya ba kumbon Apollo wuta a tafiyar wata ta 1969, 'yan sama jannatin kuma suka sha ruwan da yake fitarwa. Wannan haƙuri nasa ya cancanci a riƙa karanta wa ɗalibanmu shi. Daga baya motar Toyota Mirai mai batirin haidurojin ta fito a 2014, jirgin ƙasa mai haidurojin ya fara jigila a Jamus a 2018.

Yammacin Afirka ma na da nata labarin. A 1987 masu haƙar rijiya a ƙauyen Bourakébougou na ƙasar Mali suka ci karo da iskar da ta kama da wuta, aka toshe ramin. Da aka sake buɗe shi sai aka tarar kusan zallar haidurojin ce daga ƙarƙashin ƙasa, kuma a 2012 aka fara kunna janareta da ita don haska ƙauyen.

Horar da matasa a fannin ya kankama a 2021, lokacin da cibiyar WASCAL, da tallafin Jamus, ta buɗe digiri na biyu kan makamashi da haidurojin mai tsabta ga ɗaliban ƙasashen ECOWAS, har da Najeriya. Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai na cikin jami'o'i huɗu da suka ɗauki nauyin karatun. Tun kafin nan, Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato, wadda aka kafa a 1982, ta daɗe tana aiki kan hasken rana.

Jihar Neja ce ya fi kamata ta sa ido, domin raba ruwa lantarki yake ci, ita kuwa tana da madatsun Kainji, da aka gama a 1968, da Shiroro da Zungeru, ga Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Minna. Sai dai in aka mai da lantarki haidurojin, aka sake mai da shi lantarki, fiye da rabi ya salwanta a hanya. Don haka gari irin Dukku a ƙasar Kontagora, sola da batiri sun fi masa sauƙi a yau. Inda haidurojin ya riga ya shiga rayuwar manomin Dukku shi ne buhun taki: da shi ake haɗa amoniya, da amoniya ake yin yuriya, kamar yadda masana'antar Dangote da aka buɗe a Legas a 2022 ke yi daga iskar gas. Matashin da zai shiga wannan bincike a ƙasar nan, ya fara ta kan takin.