Bulala da Amana: Abin da Yaƙi da Annoba Ya Koya Mana

Duk wanda ya daɗe a aikin kiwon lafiyar jama'a a Arewacin Nijeriya ya san cewa muhawarar da ta tashi a shekarar 2020, lokacin da cutar korona ta game duniya, a kan ko ya halatta hukuma ta rufe kasuwa da masallaci ta tsare mutane a gidajensu, tsohuwar muhawara ce wadda takan kwanta idan lafiya ta samu, ta farka duk sa'ad da makara ta yawaita a hanyar maƙabarta. Na shafe mafi yawan rayuwata a wannan aiki, na ɗauki karatunsa daga dattawan duba-gari waɗanda suka ga agana da idonsu, na kuma bi unguwanni da akwatin ƙanƙara a zamanin shan inna. Saboda haka nake ganin wajibi ne in rubuta yadda muka ga al'amarin daga ciki, domin na baya su san inda aka dace da inda aka yi tuntuɓe.

Malamanmu ba su jira zuwan Turawa ba kafin su san wannan mas'ala. A shekara ta 18 bayan Hijira, yayin da annobar ɗa'un ta Amwasa ta auka wa ƙasar Sham, Sayyadina Umaru ɗan Haɗɗabi, Allah Ya ƙara masa yarda, yana kan hanyarsa ta zuwa can labari ya riske shi a wani wuri da ake kira Sargu. Bai yanke hukunci shi kaɗai ba: ya tara Muhajiruna suka saɓa, ya tara Ansaru suka saɓa, sa'an nan ya kira dattawan Ƙuraishawa suka haɗu a kan ya koma da jama'a. Abu Ubaida ɗan Jarrah ya ƙalubalance shi a bainar jama'a cewa wannan gudun ƙaddara ne, Halifa kuwa bai fusata ba, ya ba shi hujja cewa komawar ita ma cikin ƙaddarar Allah take, har Abdurrahman ɗan Aufu ya iso da hadisin da ya hana shiga ƙasar da annoba ta sauka, ya kuma hana na cikinta fita don gudunta. Abin lura a wannan ƙissa shi ne cewa killacewa tana da asali a Shari'a, amma an kai gare ta ne ta hanyar shawara da bayani da jure wa mai inkari, kuma waɗannan ukun su ne abin da mahukuntanmu suka fi saurin mantawa da shi.

Aikinmu a irin tsarinsa na yau an haife shi ne a zamanin mulkin mallaka, kuma an haife shi da bulala a hannu. Murar da ta halaka duniya a 1918 ta sauka Legas ta jirgin ruwa, ta bi layin dogo har Kano, masana tarihi kuma sun ƙiyasta cewa ta kashe kimanin mutum rabin miliyan a Nijeriya. Bayan ɗa'un ya ɓulla a Legas a 1924, sai aka kafa dokar killacewa ta 1926, wadda ta ba mai mulki ikon ayyana wuri a matsayin mai cuta, ya hana shiga da fita. A Arewa aikin ya faɗa hannun En'e da duba-gari, masu leƙa randa da shadda da kwata, waɗanda ke iya kai magidanci gaban alƙali a ci shi tara. A ƙarshen shekarun 1930 kuwa, domin yaƙi da ciwon barci, aka tayar da dubban mutane a ƙasar Anchau aka sake musu matsuguni, aka gina sabon gari aka sa masa suna Takalafiya. Ba na musun cewa waɗannan ayyuka sun rage cuta. Sai dai malamin da ya koya mini aiki ya sha faɗa mana cewa a ƙuruciyarsa, da zarar an ji duba-gari ya shigo ƙauye, sai a ɗauke mai agana a ɓoye shi a rumbu ko a bukkar gona, alhali ɓoyewar nan ita ce abin da ke raya cutar. Talaka ya fahimci cewa bayyana mara lafiya daidai yake da kiran tara da wulaƙanci, shi ya sa ya zaɓi shiru.

Nasara mafi girma da wannan fanni ya taɓa samu ta zo ne ta wata hanya dabam. A watan Disamba na 1966, a yankin Ogoja, wani likita Ba'amurke mai suna William Foege ya tarar maganin lambar da ke hannunsa bai isa kowa ba, sai larura ta tilasta masa ya aika a nemo masa kowane gida mai agana, ya yi wa mutanen gidan da maƙwabtansu da abokan cin kasuwarsu lamba, ya zagaye cutar har ta rasa jikin da za ta tsallaka. A Arewa kuwa ayarin masu bindigar lamba ba sa sauka a gari sai ta fadar hakimi da ƙofar dagaci, sai sanƙira ya yi shela, sa'an nan jama'a su yi layi. A 1970 aka ga agana ta ƙarshe a Nijeriya, a 1980 aka shelanta gushewarta daga duniya. Wannan dabara ba ta bukatar a rufe gari, amma tana da sharaɗi guda mai tsada, wato mutane su yarda su faɗa maka inda mara lafiya yake.

Wannan yarda ce aka yi wa mummunan rauni a 1996. A ranin wannan shekara sanƙarau ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ya kashe fiye da 11,000, har Saudiyya ta hana alhazanmu aikin Hajji. Ana cikin wannan musiba kamfanin Pfizer ya gwada sabon maganinsa Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, a wani gwaji da ya ƙunshi yara kimanin 200, inda 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a bayyana musu cewa gwaji ake yi ba. Kamfanin ya tsaya a kan cewa sanƙarau ne ya kashe yaran, kuma da izini ya yi aikinsa. Shari'a ta ja har 2009, aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Duk abin da mutum zai ce game da hukuncin wannan lamari, abin da ya zauna a zukatan Kanawa shi ne cewa mai farar riga yana iya zuwa da magani kyauta alhali da wata manufa a ransa, wanda maciji ya sara kuwa, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Saboda haka a 2003, da Dakta Datti Ahmed, shugaban Majalisar Ƙoli ta Shari'a, ya yi zargin cewa ɗigon shan inna yana ɗauke da abin hana haihuwa, a shekarar da Amurka ta afka wa Iraƙi, maganarsa ta sami kunnuwan da aka riga aka shirya mata. Jihohin Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da rigakafi, Kano a ƙarƙashin Malam Ibrahim Shekarau ba ta dawo ba sai a Yulin 2004, bayan an samo magani daga Indonesiya. Zargin ba gaskiya ba ne, sakamakonsa kuma ya yi muni: cutar ta tsallaka zuwa ƙasashe kimanin 20, har Yaman da Indonesiya, a 2006 kuma ta shanye yara fiye da 1,000 a Nijeriya. Amma wanda ya tsaya a ƙofar gida a waɗannan shekaru ya ji wata hujja wadda ba ta da alaƙa da hana haihuwa. Na tuna wani magidanci da ya fito zaure ya dubi allin da muka rubuta a bangonsa, ya ce mini, "Malam, da damina 'yata ta yi zazzaɓi, na kai ta asibiti aka rubuta mini takarda in je kemis, ban da kuɗi, ta rasu, ban ga kowa a ƙofar nan ba. Yau kun biyo ni har gida da magani kyauta a kan ciwon da ban kawo muku kukansa ba. Me ya sa?" Na ce masa, "Alhaji, Allah Ya jiƙanta, maganarka tana kan hanya." Takardun horonmu duk sun koya mana yadda za mu amsa jita-jita, babu ko ɗaya da ta koya mana amsar wannan tambaya, domin amsarta tana wurin gwamnati.

An gwada barazana, an gwada kama iyaye, a Fabrairun 2013 kuma 'yan bindiga suka kashe ma'aikatan rigakafi tara a Kano, mafi yawansu mata, Allah Ya gafarta musu. Abin da ya juya al'amarin shi ne komawa ga masu riƙe da amanar jama'a. A 2009 Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ya jagoranci kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya, masu unguwanni suka riƙa shiga gaban ayari, aka ɗauki matan unguwa da ungozomomi waɗanda ba a hana su shiga gida, waɗanda shan inna ya nakasa suka fito da kansu suna yi wa iyaye nasiha, aka kuma riƙa kafa rumfar magani inda uwa za ta sami maganin zazzaɓi da na gudawa tare da ɗigon. A Borno aka ga asalin cutar karo na ƙarshe a 2016, ranar 25 ga Agusta 2020 kuma aka tabbatar da kuɓutar Afirka daga asalin ƙwayarta.

Amfanin wannan wahala ya bayyana a 2014. Ranar 20 ga Yuli wani matafiyi mai suna Patrick Sawyer ya sauka Legas daga Laberiya da cutar Ebola, Dakta Ameyo Adadevoh ta ƙi sallamarsa daga asibiti duk da matsin da aka yi mata, ta kuma biya da ranta. Aka ɗauko tsarin cibiyar gaggawa ta shan inna da mutanenta, ciki har da Dakta Faisal Shu'aib, aka bi sawun kusan mutum 900 gida-gida ana auna zafin jikinsu. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, ranar 20 ga Oktoba aka ce cutar ta ƙare, ba tare da an rufe Legas ko yini guda ba.

Korona kuwa ta fi Ebola wuyar kamawa, domin mai ɗauke da ita yana iya yaɗa ta yana jin kansa garau, kuma a nan ne masu goyon bayan kulle suke da hujja mai ƙarfi: gadajen asibiti kaɗan ne, iskar numfashi ba ta wadata ba, babu wanda ya san iyakar cutar a lokacin. An tabbatar da ita a Legas ranar 27 ga Fabrairu 2020, aka rufe Legas da Ogun da Abuja ranar 30 ga Maris, da ikon dokar nan ta 1926. A Kano an ga mutum na farko ranar 11 ga Afrilu, aka kafa dokar kulle ranar 16, azumi ya kama mutane a tsare, Shugaba Buhari kuma ya tsawaita kullen ranar 27. Masu inkari su ma suna da hujjarsu: ɗan dako da mai facin taya da mai tallar ƙosai abincin yini suke nema a yinin, tallafin da aka alkawarta bai kai ga mafi yawansu ba, Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam kuma ta ba da rahoton cewa a makonni biyun farko jami'an tsaro sun kashe mutum 18 wajen tilasta dokar, adadin da ya fi na waɗanda cutar ta kashe a lokacin. Aka riƙa loda almajirai a mota ana mai da su jihohinsu, wasunsu da cutar a jiki. Da aka sassauta kullen Kano ranakun Litinin da Alhamis, cunkoson da aka hana a mako ya taru a sa'o'i kaɗan. A Yamai ma matasa sun yi arangama da 'yan sanda a kan hana jam'i. Mafi ciwo a gare mu shi ne cewa masu haƙar kabari ne suka fara sanar da duniya yawaitar mutuwar dattawan Kano, sai a watan Yuni Ministan Lafiya ya ce an ƙirga mamata 979, kuma rabinsu ko fiye mai yiwuwa korona ce sanadinsu. Da aka fasa rumbunan tallafi a Oktoba aka ga abinci jibge, sai masu cewa "babu korona" suka sami hujjar da ba su wahala wajen nemanta ba.

Fukaha'u sun kafa ƙa'ida cewa larura tana halatta abin da aka hana, suka kuma ɗaure ta da wata cewa ana auna larura gwargwadonta, da wata cewa duk abin da shugaba zai zartar a kan talakawansa a rataye yake da maslaharsu. A nan nake tsaye. Hukuma tana da haƙƙin killacewa, wani lokacin ma wajibi ne a kanta, kuma wanda ya ƙaryata cuta alhali tana kashe mutane ya ɗauki alhaki mai nauyi. Amma wanda ya tsare mutum, ciyar da shi ya hau kansa. Wanda ya rufe masallaci, wajibi ne ya zauna da limamai kafin ya rufe, ya kuma faɗa musu sharaɗin buɗewa. Kuma matakin da ya tsaya a kan gida guda ya fi wanda ya haɗa gari duka, matuƙar zai wadatar.

Aikin da ya rage na kwanakin lafiya ne, domin ba a ƙulla amana ranar da annoba ta shigo. A sa magani a asibitin unguwa har talaka ya saba da ganin alherin hukuma kafin ya ga dokarta. A rubuta kowace haihuwa da kowace mutuwa ta hannun masu unguwanni, don kada mu sake jiran labari daga maƙabarta. A kuma maye gurbin dokar 1926 da wadda aka tattauna da malamai da sarakuna da 'yan kasuwa, wadda za ta fayyace ikon gwamnati da iyakarsa da abin da take bin wanda ta tsare da abin da yake binta. Wata annoba za ta zo ba makawa, kuma yawan rayukan da za mu ceta zai dogara ne a kan ko magidanci zai buɗe mana ƙofa ya faɗi gaskiya game da mara lafiyarsa. Allah Ya ba shugabanninmu ikon cancantar wannan yarda, Ya kuma kiyashe mu daga waba'i da bala'i.