Aiki ɗaya, albashi biyu: malaman ƙananan yara a birnin Niyok

Tun zamanin yaƙin duniya na biyu, sa'ad da mata suka shiga aikin masana'antu, ƙungiyoyin unguwanni na birnin Niyok suka riƙe gidajen renon yara da tallafin hukuma. Da yake ana kallon aikin tamkar reno kawai, aka ajiye albashinsa ƙasa da na malaman lakwal.

A shekarar 2014 magajin gari Bill de Blasio ya buɗe karatu kyauta ga duk ɗan shekara 4. Azuzuwan gwamnati ba su wadatar ba, saboda haka fiye da rabin yaran suka shiga makarantun ƙungiyoyin. Nan bambancin ya fito fili: malamai biyu masu takardar shaida iri ɗaya suna koyar da darasi ɗaya, amma ta unguwa ta fi daɗewa a aji, takan yi aiki har lokacin babban hutu, kuma albashinta ya gaza da dubban daloli. Akasarinsu mata ne, baƙar fata ko ƴan asalin Latin Amurka. Ƙwararru suka riƙa ƙaura zuwa makarantun gwamnati.

Bayan barazanar yajin aiki, a watan Yuli na 2019 aka yi yarjejeniyar kai albashin mai digiri na biyu dala 68,652 a shekara daga Oktoba 2021. Sai dai da albashin sabon ɗauka na gwamnati aka daidaita shi: shekarun da tsohuwar malama ta shafe tana hidima ba su shiga lissafi ba.