Tallafin ɗaliban jami'a masu ƙaramin ƙarfi a Tamale

Tallafin matsi kuɗi ne da ake ba ɗalibin da ya riga ya shiga jami'a sannan hali ya juya masa: mahaifi ya rasu, ko damina ta ƙi, ko jarin uwa ya karye a kasuwar Aboabo. Kyauta ce, ba a mayarwa. Da wannan ya bambanta da rance, ya kuma bambanta da gurbin karatu da ake bayarwa saboda ƙwazo kaɗai.

Mafi yawan masu nemansa a Tamale ɗaliban jami'ar UDS ne, wadda aka kafa a 1992, da na Jami'ar Fasaha ta Tamale. Ɗalibin UDS yana da wani nauyi na daban, domin a zango na uku ana tura shi ƙauye ya zauna makonni yana aikin sanin hali, ga abinci ga kuɗin mota, alhali kuɗin ɗaki ya riga ya cinye abin hannunsa.

Daga gwamnati akwai Ofishin Guraben Karatu na Ƙasa, wanda yake aiki tun 1960, da asusun GETFund na shekarar 2000. Majalisun gundumomi da 'yan majalisar dokoki su ma suna ware wani abu ga ɗalibai mabuƙata, sai dai wanda ya kai takarda da wuri ya fi samu. A 2025 gwamnatin Shugaba John Mahama ta fara ɗauke wa 'yan shekarar farko kuɗin karatu a manyan makarantun gwamnati. Wannan sauƙi ne babba, amma ɗan shekara ta biyu ba ya ciki, kuma a nan ne da yawa suke tsayawa.

Asusun rancen ɗalibai, SLTF, an kafa shi a 2005, kuma tun 2022 ba ya neman mai tsaya wa ɗalibi, katin ɗan ƙasa ya wadatar. To amma bashi ne mai ruwa. Shi ya sa iyaye suke yawan tambayar malamai a kansa. Abin da nake gani shi ne a fara ƙwanƙwasa ƙofofin kyauta da na rance marar ruwa, irin na Bankin Raya Ƙasashen Musulmi, wanda yake ba 'ya'yan Musulmi na ƙasashen da ba mambobinsa ba, Gana kuwa tana cikinsu.

Shin ana ba ɗalibi zakka? Aya ta 60 a Suratut Tauba ta ambaci kashi takwas, kuma ɗalibin da ba shi da abin da zai ishe shi yana shiga cikin faƙirai da miskinai. Malamai da dama sun ce wanda karatu mai amfani ya hana shi neman abinci ana ba shi ko da yana da ƙarfin jiki. Asusun Zakka da Sadaka na Gana, wanda 'yan majalisa Musulmi suka assasa a 2010, yana taimakon ɗalibai ta wannan hanya. Uba mai hali dai ba zai ba ɗan da yake ciyarwa zakkarsa ba, tunda ciyarwar wajibi ce a kansa.

Galibi ana neman takardar shiga makaranta, da sakamakon jarrabawa, da takardar kuɗin da ake bin ɗalibi, da shaidar wani babba kamar limami ko mai unguwa. Limamin da zai sa hannu ya bincika tukuna, domin shaida ce yake bayarwa. Ɗalibi kuma ya je ofishin shugaban harkokin ɗalibai tun kafin a rufe rajista, kada ya jira ranar jarrabawa.