Sifirin Ya Ɗauka, Shaf Ya Tsinke

Mun saba rubuta "mota ta lalace" a labaranmu, ba mu faɗin ƙarfen da ya karye. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, a-kori-kura 404 kuma ta shiga jidar rake daga Janfalan har Makarfi da Kudan. Da lodi ya yi mata yawa, direbobinmu suka riƙa ƙara sifirin a baya, ta daina durƙushewa. Amma aikin sifirin tallafar nauyi ne kawai. Shaf ɗin aksil, mai murɗa taya, bai ƙara kauri ba. In taya ta kafe a taɓon fadama aka ba ta wuta, shi ke tsinkewa, rake ya kwana yana bushewa.