Tarihin Allurar Ƙaiƙayin Ido

Ya mai karatu, ka san yaran nan masu murza ido dare da rana, musamman da bazara, har farin idon ya koma ja-ja kamar ruwan tabki. Akwai su a Tebaram, akwai su a Tawa, ko'ina cikin Adar. Sau da yawa ba ƙwayar cuta ba ce. Jiki ne ke faɗa da abin da ba abokin gaba ba: ƙura, ko bununin haki, ko gashin dabba. Likitoci suna kiran wannan hali alaji, sunan da wani likitan yara, Clemens von Pirquet, ya raɗa a 1906. Akwai wata allura da ake yi dominsa. Bari ka ji asalinta.

A 1873 wani likita na birnin Mancesta a Ingila, Charles Blackley, ya nuna cewa bununin haki ne ke sa mutanen ƙasarsu atishawa da hawaye kowace shekara. Shi kansa yana da ciwon, saboda haka a jikinsa ya yi gwaji. Ya shaƙi bununi, ya sa a ido, ya shafa a tsaga. Sai ga ciwo ya tashi.

An san mai laifi, saura magani. A 1911 Leonard Noon, na asibitin St Mary's a Landan, ya yi tsammani dafi ne cikin bununin. Ya ce to, tun da ana yi wa mutum lamba don agana, me zai hana a saba wa jiki da wannan dafi? Ya jiƙa bununi ya tace, ya riƙa yi wa majinyata allurar ruwan a ƙarƙashin fata, kaɗan-kaɗan, yana ƙarawa. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne ma'auninsa. Ido ne ma'aunin. Kafin allura sai ya ɗiga ruwan bununi a idon mutum, daga tsararo zuwa mai ƙarfi, ya ga wanda zai sa idon ya yi ja. Bayan an yi allurai ya sake ɗigawa. Idon da ɗan tsararo ke tayar wa hankali a da, yanzu sai da mai ƙarfi. Jiki ya saba ke nan.

Noon bai ci amfanin aikinsa ba. Tarin fuka ya kashe shi a 1913, abokinsa John Freeman ya ci gaba. Zancen dafi kuwa ba haka yake ba, don a 1966 da 1967 masana a Amurka da Suwidin sun gano cewa wani sinadari ne a jinin mutum, mai suna IgE, ke tayar da faɗan. Amma allurar tana aiki. William Frankland ya tabbatar a 1954, da ya gwada mutum 200, wasu da allurar gaske, wasu da wadda ba kome a cikinta.

Tana da haɗari kuma. A 1986 hukumar magunguna ta Ingila ta ƙirga mutum 26 da suka mutu bayan allurar tun 1957, ta ce kada a yi ta sai inda akwai kayan ceton rai. A shekarar nan aka fito da sakamakon gwajin ɗigawa ƙarƙashin harshe, wanda ya fi sauƙin haɗari. Kowace hanya aka bi, sai an jure shekara 3 ko fiye.

To, mu fa? Ciwon yaranmu yana da nasa tarihi. A 1976 Farfesa Diallo, likitan ido a Dakar, ya bayyana shi a matsayin ciwon ƙasashe masu zafi, mai kama gefen baƙin ido, ya fi yawa ga ƴan maza. Allurar Noon ba ta da amfani sai an san takamaiman abin da jiki ke ƙi. Yaran nan kuwa, kusan rabinsu gwajin fata ba ya nuna kome. Rana da iska da ƙura duk suna da hannu, ba ka kuwa iya jiƙa hunturu ka tace. Saboda haka kada ka ji labarin allurar Turai ka ce an hana ɗanka magani. Yawanci ciwon yana lafawa idan yaro ya balaga. Aikin da ke gabanka shi ne idon ya kai lokacin lafiya lau: wanke fuska da ruwan sanyi mai tsabta, malfa a ka, a hana murza, a kai shi wurin likitan ido.

Abin da ke ba ni tsoro shi ne ƴan kwalaben ɗigo na kasuwa masu kortizon. Suna kashe ƙaiƙayi nan take, shi ya sa uwa ke komawa ta sake saye. In aka daɗe ana ɗigawa sukan kawo yana, ko hawan jinin ido, wanda ganin da ya ci ba ya dawowa. Likita ma yakan ba da kortizon in ciwo ya tsananta, amma na ƴan kwanaki, yana auna idon kafin ya ƙara.