Kwabo Ɗaya a Mako: Yadda Taron Mutum Goma Sha Biyu Ya Tayar da Majami'un Ingila

Yau tarihi zai kai mu Ingila, shekaru kusan ɗari uku baya, lokacin da majami'un ƙasar suka yi sanyi har talakawa suka daina leƙa su. Mun ɗauko labarin ne don maganin da aka samu a wancan lokacin mun san irinsa sarai a nan, a adashin matanmu da kuma fadar samarinmu. Abin mamaki, wajen neman biyan bashi aka yi karo da shi.

A farkon ƙarni na 18, Cocin Ingila shi ne cocin gwamnati. Kusan kowane ƙauye na da ginin majami'a da ƙararrawa, da gonaki da kuɗin shiga. Daga waje sai ka ce komai lafiya. A ciki kuwa, limamin coci ɗaya kan riƙe garuruwa biyu ko uku, ya karɓi kuɗinsu, ya zauna can wani wuri, ya bar wani mataimaki da ɗan albashi yana karanta addu'a ranar Lahadi. Kujerun ma haya ake ba da su. Mai hali yana da nasa wurin zama har da ƴar ƙofa, talaka kuma sai can baya. A lokacin mutane na barin ƙauyuka suna taruwa kusa da ramukan haƙar gawayin ƙasa da wuraren sana'a, inda babu majami'a, domin raba sabon yanki na coci sai da dokar majalisar ƙasa. A Landan kuma barasa mai arha ta yi wa talakawa katutu, har majalisa ta yi mata doka a 1751.

Cikin wannan hali John Wesley ya taso. An haife shi a 1703 a garin Epworth, ubansa limamin coci ne, shi ma ya bi sawunsa. A jami'ar Oxford, shi da ƙanensa Charles da ƴan abokansu sun riƙa tsara lokacin karatu da addu'a da ziyarar fursuna, har ɗalibai suka sa musu sunan ba'a, Metodis, wato masu bin tsari. Ya je Amurka aikin wa'azi, abin bai yi ba, ya dawo gida a farkon 1738 jiki ba ƙwari. A wannan tafiya ya haɗu da wasu Kiristocin Jamus da ake kira Morabiyawa, ya ga yadda suke kasa jama'arsu ƙanana-ƙanana, kowa na faɗa wa ɗan'uwansa halin da yake ciki.

Da ya soma wa'azi da zafi, limamai da yawa suka hana shi hawa mumbarinsu. Abokinsa George Whitefield ya riga ya fita fili yana yi wa masu haƙar gawayi na Kingswood wa'azi, kusa da birnin Bristol. Ya kira Wesley. Shi kuwa mutum ne mai son ƙa'ida, da ƙyar ya yarda. Ran 2 ga Afrilu 1739 ya tsaya a fili a gefen Bristol, mutum wajen 3,000 suka saurare shi. To, ga jama'a an samu. Ina za a kai su bayan an watse?

A watan Mayu na shekarar aka aza harsashin wani ɗan ɗaki a Bristol, suka sa masa suna Sabon Ɗaki. Har yau yana nan, shi ne ginin Metodis mafi daɗewa a duniya. Da bashi aka gina shi, kuma bashin a wuyan Wesley yake. A watan Fabrairu 1742 aka zauna shawarar yadda za a biya. Wani da ake kira Kyaftin Foy ya kawo shawara kowa ya riƙa ba da kwabo ɗaya a mako. Aka ce masa ai da yawa ko kwabon ba su da shi. Sai ya ce a haɗa shi da mutum goma sha ɗaya mafiya talauci, zai bi su gida-gida kowane mako, wanda bai samu ba shi zai biya masa. Wasu ma suka ɗauki irin wannan nauyi. Haka aka kasa jama'ar Bristol kashi-kashi, wajen mutum goma sha biyu a kowane kashi, da jagora ɗaya. Kwabo goma sha biyu kuwa sule guda ke nan. Kowane kashi aka kira shi aji.

Da masu karɓar kwabo suka soma shiga gidaje, sai suka riƙa dawowa da abin da ya fi kwabo. Wane yana kwance ba lafiya, ba wanda ya sani. Wane ya koma shan barasa. Wance da mijinta sun kwana uku ba sa magana. Wesley ya gane ya samu abin da ya daɗe yana nema, wato hanyar sanin halin kowane mutum cikin taron dubbai. Bin gida-gida yana da wuya, don da yawa barori ne a gidajen masu kuɗi, iyayen gidansu ba sa son baƙi. Sai aka mayar da shi zama: kowane aji ya haɗu sau ɗaya a mako, a ɗakin wani daga cikinsu.

Ga yadda zaman yake. A yi waƙa da addu'a, jagora ya fara faɗin yadda makonsa ya kasance, sannan ya bi mutum ɗaya-ɗaya da sunansa yana tambayar halin da zuciyarsa take ciki. Mai bukatar lallashi a lallashe shi, mai bukatar faɗa a yi masa faɗa. A karɓi kwabo. In akwai mara lafiya ko wanda ya shiga matsi, jagora ya kai labari gaba. Ba a tambayar mai shiga ko ya iya karatu, ko mene ne aikinsa, niyyar gyara hali kawai ake nema. Duk wata uku ana ba kowa sabon kati da sunansa a rubuce. Wanda ya bar zuwa aji ba dalili, ba a sabunta masa. Wanda ya yi ƙaura neman aiki kuma, katin nan ke nuna shi ɗan gida ne a garin da ya sauka.

Kada mu ɗauka abin na wasa ne. A 1743 Wesley ya je Newcastle ya binciki jama'arsa, ya cire mutum 64. Ya rubuta dalilan da hannunsa: 17 saboda buguwa, 2 saboda sayar da barasa, 3 saboda faɗa da rigima, 3 saboda ƙarya, 1 saboda dukan matarsa, 29 saboda sakaci da rashin ɗaukar abin da muhimmanci, sauran kuma laifuffuka irin su zagi da lalaci. Wasunmu za su ce wannan tsanani ya yi yawa, kuma a zamaninsa ma an faɗi haka. Amma mu lura da abu guda: a tsohuwar majami'a mutum kan yi shekara bai zo ba, ba wanda ya tambaya. A nan kuwa an san wanda ya daki matarsa.

Aji ya buɗe wa talaka ƙofar da ba ta taɓa buɗuwa ba. Masaƙi ko maƙeri ko baran gida na iya zama jagora. Daga cikin irin waɗannan aka samu masu wa'azi da ba su je jami'a ba, suna yawo bisa doki gari-gari. Mata ma sun jagoranci azuzuwa da yawa. A 1761 a garin Derby, wata jagora mai suna Sarah Crosby ta je ajinta ta tarar da mutum wajen 200. Ba halin ta bi su ɗaya-ɗaya, sai ta miƙe ta yi musu jawabi gaba ɗaya, kuma Wesley bai hana ta ba. Charles kuwa ya rubuta waƙoƙin ibada sama da 6,000, waɗanda ko wanda bai iya karatu ba ya haddace su. A Landan sun buɗe wurin ba da magani kyauta a 1746, sun kuma kafa asusun rance, inda mai ƙaramar sana'a ke karɓar har sule ashirin ya biya cikin wata uku.

Masana tarihi da yawa na cewa Whitefield ya fi Wesley iya wa'azi, ya fi shi tara jama'a. Sai dai bai kafa azuzuwa irin waɗannan a Ingila ba, kuma bayan rasuwarsa a 1770 bai bar ƙungiya mai girman ta Wesley ba. Wesley ya rasu ran 2 ga Maris 1791, ya bar mutum sama da 70,000 masu riƙe da kati a Birtaniya da Ayalan. A ƙidayar masu zuwa ibada da aka yi a 1851, in aka cire Cocin Ingila, ba wanda ya kai ƴan Metodis yawa.

Akwai abin takaici a labarin. Wesley ya mutu yana limamin Cocin Ingila, kuma burinsa shi ne ya farfaɗo da shi daga ciki. Manyan cocin ba su ba wa wannan sabuwar al'ada wuri ba. Shekara huɗu bayan rasuwarsa, a 1795, ƴan Metodis suka kama hanyar zama coci mai zaman kansa. Gidan da ya fi bukatar maganin ya bar shi ya fita, ko da yake iskar farfaɗowar ta taɓa wasu limamai da suka zauna a ciki.

Su ma ƴan Metodis ɗin, da arziki ya zo sai abin ya sauya. Jikokin masu haƙar gawayi suka zama ƴan kasuwa da malaman makaranta. Aka gina manyan majami'u, aka dawo da hayar kujera don biyan bashin gini. Mai shago ya soma jin nauyin faɗin damuwarsa a gaban yaron shagonsa. Zaman aji ya koma maimaita kalmomi iri ɗaya kowane mako, daga baya aka daina tilasta shi. Lokacin da rassan Metodis na Birtaniya suka haɗe a 1932, suna da mutum sama da 800,000. Yau ba su kai 200,000 ba, kuma an sayar da gine-gine da yawa, wasu sun koma gidajen kwana, wasu shaguna. Mutuwar aji ba ita kaɗai ta jawo haka ba. Yaƙin duniya biyu, da ƙaurar jama'a, da ja da baya da Turawa suka yi daga addini gaba ɗaya, duk sun taka rawa, kuma sun taɓa kowane coci. Amma guguwar ta tarar da su sun riga sun saki igiyar da ke riƙe mutum ɗaya-ɗaya.

Al'adar kuwa ba ta mutu ba, ƙetare teku ta yi ta zo yankinmu. Ƴantattun bayi da suka sauka a Freetown ta Saliyo a 1792 sun zo da azuzuwansu. A Cape Coast ta Gana, wasu samarin Fante ne da ke haɗuwa suna karatun Littafi Mai Tsarki suka nemi a aiko musu da littattafai. Aka aiko da mai wa'azi, Joseph Dunwell, ya iso a farkon 1835, zazzaɓi ya kashe shi cikin wata shida. Waɗanda suka biyo shi ma ba su daɗe ba. Ƴan ƙasa ne suka riƙe taron har Thomas Birch Freeman ya iso a 1838, wanda ya kai aikin Kumasi, ya kuma kai shi Badagiri ta Najeriya a 1842. A Gana har gobe ɗan Metodis yana da ajinsa da jagoransa.

Yanzu kuma ga abin ya juyo. Majami'un Metodis da dama a Landan, da ba don mutanen Gana da Najeriya da Saliyo da Zimbabuwe ba, da tuni an sa musu kwaɗo. Har majami'ar da Wesley ya buɗe da kansa a 1778 a birnin, ranar Lahadi za ka ga atamfa da ɗaurin ɗankwali sun cika ta. Sun je da ƙungiyoyin zumunta, da tara gudummawa in an yi rasuwa ko haihuwa, da cin abinci tare bayan ibada, da kiran waya in ba a ga mutum ba. Zaman ba ya rasa ƴar tsama, wani lokaci kan tsawon ibada ko ƙarar ganga, amma ƙofofin a buɗe suke.

Mu nan ba baƙon abu ba ne gare mu. Duk wanda ya san zumuntar mata a majami'un Maradi ko Galmi ko Yamai ya san yadda suke: suna da ranar haɗuwarsu, da ɗan abin da kowace ke zubawa, kuma in wata ta kwanta ciwo ƙafafunsu na ƙofar gidanta kafin fasto ya ji. Uwar adashi ma ta san wadda ba ta zuba ba, ta kuma san dalili. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma da ƙafa Kyaftin Foy ya fara, gida goma sha ɗaya kowane mako.

Ƙungiyoyi nawa muka gani a unguwanninmu, na addini da na sana'a da na ƴan gari ɗaya, waɗanda suka yi ƙarfi lokacin da ake zama kan tabarma, suka mutu bayan an samu ofis da hatimi? Idan tamu ta fara sanyi, kafin mu yi maganar sabon gini ko sabon lasifika, mu duba littafin sunaye. Mu ƙirga waɗanda suka yi wata uku ba a gan su ba, mu tambayi kanmu wa ya je gidansu.